Talabijin ɗin bango bai cika mutuwa ba, suma yake yi

Galibi da ƙaramar alama abin yake farawa. A danna rimot, jar fitilar da ke ƙasan talabijin ta ƙyafta sau biyu ko uku, a ji wani ɗan ƙas-ƙas daga baya, sai bayan minti ɗaya hoto ya fito. Bayan mako biyu jiran ya koma minti biyar. Wata safiya kuma a danna har yatsa ya gaji, fuskar tana nan baƙa ƙirin. Daga nan hukuncin gida ɗaya ne: filasma ta ƙone. Sai a sauke ta daga bango, a jingine ta bayan kujera, a fara lissafin watan da albashi zai iya ɗaukar sabuwa.

Lissafin kuwa ya yi nauyi. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024, kuma kusan duk abin da ke cikin talabijin da dala ake shigo da shi, har wanda ake harhaɗawa a cikin gida. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke zaune a Kubwa ko Nyanya ko Mararaba, wanda kuɗin mota zuwa Sakatariyar Tarayya ya riga ya ci kaso mai tsoka na albashinsa, ba zai shiga kanti ya ɗauko sabon talabijin kamar mai sayen burodi ba.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, a irin wannan mutuwa ta sannu-sannu, gilashin da ya fi komai tsada lafiyarsa ƙalau. Abin da ya gaza sau da yawa bai kai gaɓar yatsa girma ba, kuɗinsa kuma bai kai na cefanen rana ɗaya ba. Tsakanin mai talabijin da wannan gaskiya akwai 'yan sukurori da ke riƙe da murfin baya, sai kuma amanar mai gyara.

Abin da ke bayan murfin

Sunan filasma ma da muke kiran sa da shi ya tsufa. Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera filasma ta ainihi tun 2014. Abin da ke rataye a falukanmu da ofisoshinmu yau kusan duk nau'in LCD ne, wato gilashin da ba ya ba da haske da kansa, sai an haska shi daga baya da jerin ƙananan fitilun LED. In aka cire murfin, mutum zai yi mamakin yadda cikin yake fayau. Akwai allon wuta, wanda masu gyara ke kira fawa, inda igiyar soket ke shiga. Akwai babban allo mai ramukan HDMI da USB da na eriya, shi ne ƙwaƙwalwar. Akwai wani ɗan siriri da ke rarraba hoto zuwa layukan gilashin, ana ce masa tikon. Sai fitilun baya. A ƙananan talabijin na baya-bayan nan an haɗe fawa da babban allo wuri guda don rage kuɗin ƙira, shi ya sa in gefe ɗaya ya samu matsala sai a ce duka za a canza.

Aikin fawa shi ne ya karɓi wutar gari, ya tace ta, ya rage ta zuwa abin da sauran sassan za su iya ɗauka. Wutar da ke zuwa gidajenmu, a ƙa'ida, bolt 230 ce. Tana shiga ta bi ta fis, ta wuce wani ɗan faifai mai kama da kwabo wanda aikinsa shi ne ya shanye wutar da ta yi tsalle kwatsam, ko da zai mutu a kai. Daga nan diyod huɗu su miƙar da ita ta koma mai tafiya hanya ɗaya, ta taru a cikin babbar kwandansa da ƙarfin da ya kai bolt 325. A manyan talabijin ana ƙara ɗaga ta zuwa kusan 390. Sai wata tiranzista ta riƙa yanke ta tana saki sau dubun-dubata a daƙiƙa guda, ta ratsa ƙaramar taransifoma, ta fito a ɗaya gefen a matsayin bolt 5 ko 12 ko 24, gwargwadon ƙirar.

Akwai sashe ɗaya na fawa da ba ya barci. Shi ke riƙe da jar fitila, shi ke sauraron rimot. Talabijin ɗin da aka kashe da rimot aka tafi ofis yana nan a haɗe da layi, kuma duk abin da layin ya zo da shi da tsakar rana, wannan sashe ne zai fara karɓa.

Amma kafin a kai ga laifin layi, akwai wanda ya fi shi yawan kisa, shi ne zafi. A gefen da wutar ke fita daga fawa akwai ƙananan kwandansoshi a tsaye, kamar batiran rimot da aka gutsure. A cikin kowacce akwai naɗaɗɗiyar takardar alminiyom da aka jiƙa da wani ruwan sinadari, kuma zafi yana busar da ruwan a hankali. Masu ƙera su suna rubuta iyakar zafin da za su jure a jikinsu, digiri 85 ko 105, kuma da yawa an auna su ne a kan awa 2,000 kacal a wannan iyaka. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ragin digiri 10 yana ninka kwanan kwandansa, duk ƙarin digiri 10 yana raba shi biyu. To a ɗora wannan a kan Abuja ta watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke doshin digiri 40. A ƙara da salon adon falo na yanzu, inda kafinta ke yi wa talabijin ramin katako daidai wa daida, babu ta inda iska za ta shiga. A ƙara da ƙurar hunturu da ta toshe 'yan kafofin murfi. Kwandansar da aka yi don ta shekara goma sai ta gaji a shekara uku ko huɗu.

Jinkirin tashin nan ma yana da dalili. Kwandansar da ta fara bushewa takan ɗan farfaɗo in ta ji ɗumi, shi ya sa talabijin ke ƙin tashi da safe amma ya tashi bayan an yi ta gwadawa. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji kuwa wani ɗan makunni ne a cikin fawa ke ƙoƙarin tayar da shi, wutar ta kasa tsayawa, ya saki, ya sake kamawa. In an buɗe, sau da yawa ido ma zai gani: kan kwandansar da ya kamata ya zama shafaffe ya kumbura, wani lokaci har da wani abu mai ruwan ƙasa ya tsattsafo.

Ba a nan ƙasar kaɗai aka san wannan ciwo ba. Tsakanin 1999 da 2007 kwandansoshi marasa ingancin ruwa sun cika kasuwar duniya, suka shiga kwamfutoci da talabijin bila adadin. A 2012 Samsung ya amince da sasantawa a wata ƙarar haɗin gwiwa a jihar Oklahoma ta Amurka, a kan wasu talabijin ɗinsa da aka ƙera kafin ƙarshen 2008 masu wannan ƙas-ƙas da jinkirin tashi, ya ɗauki nauyin gyara. Sa'o'in waɗannan talabijin, na kamfanoni daban-daban, suna cikin kayan gwanjon da suka riƙa shigo mana daga Turai shekaru bayan haka.

Wutar da muke ba shi

Wanda ya duba takardar da ke manne a bayan yawancin talabijin zai ga an rubuta cewa yana aiki da bolt 100 zuwa 240. Ke nan raunin wutar da muke kira lokaran, wanda ke wahalar da firji da injin ruwa, bai cika damun sa ba matuƙar bai yi ƙasa da wannan iyaka ba. Tsallen wuta ne ke kashe shi, kuma hanyoyin tsallen suna da yawa.

A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 a kowane yunit, bisa alƙawarin awa 20 a rana. Alƙawarin na yawan awoyi ne, bai kare kowa daga abin da ke faruwa a daƙiƙar da wuta ta dawo ba, ga shi a wannan shekarar babban layin ƙasa ya faɗi sau da dama. Akwai kuma juya makunni daga wutar gari zuwa janareta alhali komai na kunne, da ƙaramin janaretan da ke zabura in an kashe masa babban nauyi kwatsam.

Mafi muni shi ne tsinkewar nutiral. Daga taransifomar unguwa layuka uku ke fitowa, da waya ta huɗu da ke daidaita rabon wuta tsakanin gidaje. In wannan ta huɗun ta tsinke, ko ɓarayin waya suka yanke ta, sai wutar gidajen wani layi ta yi ƙasa, ta wasu kuma ta hau tana doshin bolt 400. Alamarta ba ɓoyayya ba ce: ƙwan lantarki ya yi haske fiye da kima, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tsinko daga silin. A wannan lokaci ba rimot ake nema ba, babban makunnin gida ake rugawa a kashe. Irin wannan dare ne ke kai talabijin goma daga layi ɗaya zuwa shagon mai gyara ɗaya.

Tsawar damina kuwa tana da tata ƙofar. Takan bi igiyar dish ta shiga dikoda, ta wuce ta HDMI ta sauka a kan babban allo, fawa bai ma san abin da ake ciki ba. Duk kariyar da aka sa a soket ba ta ganin wannan hanya. In hadari ya haɗo da walƙiya, igiya biyu ake zarewa.

A ganina, ga talabijin na zamani, ɗan akwatin nan da ake kira gad, mai yanke wuta in ta wuce iyaka ya kuma jinkirta kafin ya sake ta bayan ta dawo, ya fi babbar sitabilaiza amfani. Sitabilaiza mai araha tana daidaita wutar da ke hawa da sauka a hankali, amma tsallen da ke zuwa cikin ƙiftawar ido yakan riga ta wucewa. Duk da haka babu ɗayansu da ya kai kashe soket kafin a fita.

Sauti na fita, hoto babu

Wannan ita ce cuta ta biyu, kuma ita ce ta fi sa a yanke wa gilashi hukuncin da bai cancanta ba. Akwai gwajin da kowa zai iya yi ba tare da taɓa sukur ɗaya ba. A kunna talabijin, a kashe fitilar ɗaki, a kusanto da tocilar waya dab da fuskar, a ɗan karkata ta. In an ga inuwar hoto na motsi, ko rubutun tashar a dishi-dishi, to gilashi da babban allo da tikon duk suna aiki. Fitilun baya ne suka mutu, ko sashen fawa da ke ba su wuta.

Fitilun a jere suke, wutar ɗaya ke wucewa zuwa ta gaba, don haka in guda ta tsinke sai layin duka ya ɗauke, fawa kuma ya kashe sauran don kare kansa. Gyaran ba shi da wuyar fahimta, amma yana son hannu mai natsuwa, domin sai an ɗaga gilashin kansa, wanda kaurinsa bai wuce na kwali ba. Talabijin da dama sun shiga shago da mutuwar fitila suka fito da tsagaggen gilashi. Mai gyaran da ya canza fitila ɗaya tak ya rufe ya yi aikin wata biyu ne, tunda sauran ma tsararrakinta ne, tare suka sha zafi. Gara a canza layukan duka. Bayan an dawo da shi gida kuma, a shiga saiti a rage hasken baya. Kamfanoni kan saki talabijin da haske a ƙure don ya ɗauki ido a kanti, falon gida ba ya bukatar haka.

Mutuwar gaske tana ga gilashin. In ya tsage, ko aka ga wani baƙi kamar tawada ta zube a ciki, babu gyara, kuma kuɗin sabon gilashi kan kusanci kuɗin talabijin ɗin. Layuka masu tsayuwa ko kwanciya a kan hoto suna tsakiya: wani lokaci tikon ne ko faffaɗar igiyarsa, wani lokaci kuma siraran ledojin da aka manna a bakin gilashi ne suka ci, waɗanda sai da injin musamman ake sake manna su, kuma ba kowane shago ke da shi ba. Abin da ya fi cin waɗannan ledoji shi ne ruwan goge fuska. A fesa ruwa a gilashi, ya gangara ƙasa ya shige bakin firam, bayan makonni layi ya fito.

A gaban teburin mai gyara

Masu wannan sana'a iri biyu ne, kuma za a same su duka daga Wuse zuwa Mararaba. Akwai mai canza allo: ya buɗe, ya ce fawa ya ƙone, ya aika a nemo wani. Akwai kuma mai bin ciwo da mita, wanda zai auna wutar da ke fita, ya bi ta baya har ya kai ga abin da ya mutu, ya narka dalma ya cire shi. Ba kowane canjin allo ne cuta ba. In wuta ta huda allon ta mayar da wani sashe gawayi, ko haɗaɗɗen allon nan ne da ƙwaƙwalwarsa ta tafi, canji shi ne daidai. Abin da ya kamata ya sa mutum ya ja baya shi ne hukuncin da aka yanke kafin a ɗora mita.

Allon da za a kawo ma da wuya ya zama sabo. Yawanci an ciro shi ne daga wani talabijin da gilashinsa ya fashe, ta hannun dillalan da ke sayo kaya daga kasuwar Alaba ta Legas. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa ƙasar nan a shekara, kuma shafaffun talabijin suna sahun gaba a cikinsu. Ke nan allon da aka kira sabo yana iya girmar wanda aka cire, da kwandansoshin da su ma suna gab da kumbura. Tsugune ba ta ƙare ba.

Mai talabijin ba sai ya zama injiniya ba kafin ya kare kansa. Ya tsaya a buɗe a gabansa, ya ɗauki hoton allunan da lambobin da ke manne a jikinsu, domin da lambar allo ake neman madadi, ba da sunan talabijin ba, hoton kuma shi zai hana a musanya masa lafiyayye. Ya nemi a ba shi duk abin da aka cire. In kwandansa aka canza, ya duba jikin sabuwar: digiri 105, ƙarfin bolt daidai da na tsohuwar ko sama, ba ƙasa ba. In an ce fis ne kawai, ya tambayi abin da ya ƙone shi, domin fis ba ya mutuwa haka kawai; galibi diyod ko tiranzista ce ta haɗe a bayansa. Mai gyara na ƙwarai, bayan ya canza su, yakan fara kunna allon ta cikin ƙwan lantarki mai zare, yadda in da sauran matsala ƙwan ne zai haska maimakon allon ya sake fashewa. Wanda kuwa ya ɗaure wurin fis da zaren waya, ko ya cire ɗan faifan kariyar nan ya bar gurbinsa wayam don a ga hoto ya fito, ya yi gyaran gangar Auzinawa. Ranar da wuta ta sake tsalle, babu abin da zai tsaya tsakaninta da labulen falo.

Wanda hannunsa ke ƙaiƙayin gwadawa da kansa ya sani cewa babbar kwandansar nan tana iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare igiya. A kan allon akwai layin da ya raba gefe mai haɗari da mara haɗari, kuma wanda bai san wannan layi ba ba shi da abin yi a wurin.

In talabijin yana cikin wa'adin garanti, kada a bari kowa ya kwance shi, sai wakilin kamfanin. Rasit da katin garanti su ne makamin mai saye in magana ta kai gaban hukumar FCCPC, wadda dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa. In kuma wutar layi ce ta yi ɓarnar, tsarin NERC shi ne a fara kai ƙorafi a rubuce ga sashen ƙorafe-ƙorafe na kamfanin rarraba wuta, in ba a gamsu ba a wuce dandalin sauraron ƙorafi na hukumar. Ƙorafin gida ɗaya yana da wuyar tabbatarwa. Na layi guda, da kwanan wata da hotuna da sa hannun maƙwabta, ya fi nauyi.

Duk wannan ya shafi ofis fiye da gida. Talabijin ɗin ɗakin jira da na ofishin mai gida a kunne suke wuni daga safe zuwa tashi, kwana biyar a mako, haske a ƙure, ana juya su tsakanin wutar gari da janareta sau da yawa a rana. In ɗaya ya ɗauke, hadimin da aka ce ya san yadda zai yi yakan ga rubuta takardar neman sabo ta fi sauƙi a kan neman izinin fitar da kayan gwamnati zuwa shago. Tsohon sai ya tafi sito. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi matakan da ake bi kafin a rabu da kadarar hukuma, don haka yana iya shekaru a can, jingine da 'yan'uwansa, har danshi da nauyin abin da aka ɗora masa su kashe gilashin da ya shiga da shi lafiya. Ofishin da ke da irin wannan sito zai iya kiran mai gyara ɗaya da mitarsa da tocila ya wuni a ciki, ya ware masu suma daga matattu, kafin a rubuta takardar sayen na gaba.

Waɗanda suka mutu da gaske kuma ba na bola ba ne. Tsofaffin LCD na kafin zuwan LED da siraran fitilu masu ɗauke da sinadarin makuri ake haska su, kuma in 'yan gwangwan suka farfasa su don neman ƙarfe, su ne ke fara shaƙar abin da ya fita. Mai gyara zai sayi irin wannan talabijin ko da gilashinsa a fashe yake, saboda fawa da babban allo da tikon da ke ciki.